Ramin da Taswira Ta Tsallake

Zuwa ga Autar Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da karatu, da kuma sanyin can da Yaya ta ce har yatsunki ƙin lanƙwasuwa suke yi. Mu nan lafiya lau, in ban da hawan jinin nan da likita ya fi ni damuwa da shi. Na leƙa Yaya kwanan baya. Gwiwar ta yi sauƙi, har bakin ƙofa ta rako ni tana yi mini faɗan ban zo da yara ba.

Ƙila ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabona da ke tun kina 'yar sakandare kina zare mini biro daga aljihu. Ni da Yaya, mahaifiyarki, 'ya'yan wa da ƙane ne, amma tsakar gida ɗaya ta rene mu, don haka kada ki ce wani kawun nesa ne ya tuno ki don yana da buƙata. Buƙatar dai akwai ta. Ban kira ki a waya ba saboda bangon ofishina na katako ne, ko tari na yi ma'aikatana suna ji, kuma ba na son su ji maigidansu yana tambaya.

Kin san sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce. Abin da ba ki sani ba shi ne na iya manhajar taswirar nan ta kyauta, wadda Yaya ta ce a kanta kike yin digiri na biyu. Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Sakandare na gama da ƙyar, sauran daga bidiyo da ɓata lokaci na tsinta. Shekara da shekaru ni da ma'aikatana muna bin unguwannin garin nan muna zana duk ramin masai da muka gani a waya, kusurwa bayan kusurwa. Sauran masu haƙa zuwa suke yi su kalli ƙasa, su shafa gemu, su ce a kafa inji a nan. Ni kuwa na rubuta kod da hannuna, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi. Yana ɗaukar kowane rami ya zagaye shi da da'irar mita talatin, ya cire da'irorin daga filin mai aiki, abin da ya saura ya shafa masa kore. A kan kore kaɗai nake haƙa. Har Mai Kore ake kirana yanzu, kuma ba na hanawa.

To ga matsalar. Da can aikina a sababbin unguwanni yake, masu manyan filaye, kod bai taɓa yi mini gardama ba. Yanzu na karɓi aiki a tsohuwar unguwa, wani babban gidan haya a bayan layin masu walda. Ɗakuna ne jere sama da ƙasa, matan gidan kullum sai sun tsallaka babban titi da jarkoki kafin su sami ruwa. Ina ɗora fayil ɗin ramukan wannan unguwa, kod ya fara gudu, sai ya tsaya cak ya watso mini jan rubutu, wai wani zane ba shi da inganci. Na kashe kwamfuta na kunna. Na goge manhajar na sake saukewa. Na bi kod ɗin layi-layi har idona ya yi ruwa, ban ga inda na yi kuskure ba, don ban yi ba.

Ga hoton kod ɗin da na jan rubutun na haɗo miki. Lungun gidan ƙunci gare shi, in damina ta sauka motar injina ba za ta shiga ba. Ki duba mini da wuri.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarka sosai, kuma na gode da duba Umma. Biro ɗin nan ma ban manta ba, shuɗi ne, kuma ba ya rubutu da kyau, don haka ba ka yi asara ba. Ka riƙa shan maganin hawan jinin, ka daina gasa da likita.

Wallahi na karanta kod ɗinka a hoton sau biyu. Akwai 'yan ajinmu da ba za su iya rubuta irinsa ba, kuma ban ga kuskure a cikinsa ba. Laifin yana cikin zanen ramukan. Wasu layinsu ya harɗe, ya tsallake kansa kamar lamba takwas, manhaja kuwa ba ta san ina ne ciki ina ne waje a irin wannan zane ba, shi ya sa take tsayawa.

Ka shiga saiti, wajen da aka tambayi me za a yi da zane marar inganci. Yanzu yana kan “tsaya”. Ka mai da shi kan “tsallake”, za ka ga kod ya gudu har ƙarshe. Wannan don mu tabbata sauran aikin lafiya yake. Sai ka turo mini fayil ɗin ramukan in gyara harɗaɗɗun, in dawo maka da shi.

A gurguje nake rubutu. Za mu fita aikin daji da malaminmu, auna wani tafki a cikin duwatsu, kuma an ce babu sabis a can. In ka turo kafin mota ta tashi, zan yi maka a hanya.

'Yarka, Auta.

*

Autar Yaya,

Sallama da fatan kin isa duwatsunki lafiya. Nan kowa ƙalau. Matar kawunki ta ce in gaya miki kada ki bar su su sa ki cikin kwalekwale, don ta san ba ki iya iyo ba.

Allah ya yi miki albarka. Na mai da shi kan “tsallake”, na danna, kafin in ajiye kofin shayi ya gama. Ba jan rubutu ko ɗigo. Kore ya fito mini a kusurwar tsakar gidan, gefen katangar gabas, wuri ɗan ƙarami amma ya ishi injina ya tsaya. Na buga taswirar a babbar takarda na kai musu suka gani.

Maganar turo fayil kuwa, kada ki ji haushi. Wannan fayil shi ne shagon, shi ne jarin. Akwai wani mai haƙa a garin nan da ya taɓa yi wa direbana alkawarin babur in ya kwaso masa shi. Ba wai ina zarginki ba ne, amma abin da ya hau iska ba a san inda zai sauka ba. Tunda kod ya gudu, ban ga dalilin wahalar da ke a cikin mota ba.

Mun haƙa. Ƙasar yashi ce, inji ya yi ta nutsewa kamar cokali a cikin man shanu, ba mu yi nisa ba muka tarar da ruwa. Da ya feso sama, yaran gidan suka shige ƙarƙashinsa da kayan makaranta, iyaye na zagi suna dariya. Na cika kofi na sha a gabansu. Garau yake, ba wari ba gishiri. Wata tsohuwa da ke ɗakin ƙarshe ta riƙe hannuna ta yi ta addu'a har na fara jin kunya, ni da ba na jin kunya da wuri.

In kin dawo ki gaya wa malamin naku akwai wani kawunki da bai taka jami'a ba, amma ba ya haƙa sai da lissafi.

Kawunki.

*

Autar Yaya,

Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Na tambayi Yaya, ta ce ita ma saƙo ɗaya ta samu ta wayar wani, cewa aikin ya ja. To, na ji. Amma zuciyata tana raya mini cewa kin ga wasiƙata, kin ji zafin hana ki fayil, kika ce bari tsohon ya ji a jikinsa. In haka ne, ba halin gidanmu ba ne. Mu faɗa muke yi a fili mu wuce.

Damina ta sauka da ƙarfi. Jikina ba daɗi sosai, ƙeyata na yi mini nauyi, amma ina fita.

Abin da ya sa na sake rubutowa shi ne wata nas da ke haya a gidan nan ta zo mini ofis. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, “Mai Kore, yara a gidanmu suna amai da gudawa, ɗaki bayan ɗaki, kuma tun da ruwan sama ya fara.” Na ce mata damina ce, kowace shekara haka ake yi, su rufe abinci daga ƙuda. Ta ce, “Na san damina, a cikinta aka haife ni. Gidan da ke kallonmu ba sa shan rijiyarka, kuma yaransu suna wasan ƙwallo.” Na juya mata kwamfuta na nuna mata koren. Na ce babu ramin masai ko ɗaya a cikin mita talatin, ga shi inji ya faɗa, ba ni ba. Ta kalla, ta ce, “Ni ba kala nake ba yara su sha ba.” Ta fita ta bar mini ƙofa a buɗe, duk ma'aikatana sun ji.

Na san aikina. Na zagaya gidan da ƙafata kafin in haƙa, ban ga rami ba. Bayan katangar gabas shagon tela ne, daɓen siminti tas, har da kujerar baƙi. Amma maganar matar nan ta ƙi fita daga raina.

Abin da nake so ɗan kaɗan ne. Ki rubuto mini layi biyu da sunan makarantarku a sama, cewa hanyar da na bi ita ce daidai. In na nuna mata, za ta kama bakinta kafin maganar ta zagaye unguwa.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Yau muka sauko daga duwatsu, lafiyata ƙalau, kuma yanzu na ga wasiƙunka biyu a tare. Ban yi fushi ba, ban ma san ka hana ni komai ba. Ka yi haƙuri, gaisuwar ta tsaya a nan.

Kawu, ka sa a rufe famfon nan yau, kafin ka ƙarasa karanta wannan.

“Tsallake” ba gyara ba ne. Duk ramin da zanensa ya harɗe, manhaja ta ɗauke kai daga gare shi kamar babu shi a duniya. Ba ta zana masa da'ira ba, ba ta cire komai ba, ta shafa kore a kansa ta wuce. Jan rubutun da ya dame ka yana gaya maka ne akwai ramukan da ba ta gane ba. Mun rufe mata baki kawai.

Kuma ka duba inda zane ya fi harɗewa. A sabuwar unguwa sama a buɗe take, waya tana kama kusurwa daidai. A lungu mai ƙunci, tsakanin dogayen katangu da rufin kwano, alamar wayar tsalle take yi, kusurwa ta uku ta faɗa bayan ta ɗaya. Wato ramukan da aka tsallake su ne na wuraren da suka fi cunkoso, inda rami ya fi kusa da mutane.

Ba sai ka yarda da ni ba, kuma ba sai ka turo komai ba tukuna. Ka buɗe taswirar. Na san koren kaɗai kake kunnawa, tunda shi kake bugawa. Ka kunna shafin ramukan na asali, ka ja shi sama da koren, ka matso da gidan kusa. In kod ya yi daidai, ba za ka ga rami ko ɗaya a kusa da kore ba.

Layi biyun da ka nema ba zan iya rubutawa ba. Ka gafarce ni.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Na amsa sallamarki. Lafiya dai ba zan ce ba.

Na kunna shafin. Baƙin zane ne ɗan karkatacce, zaune a gefen korena, katanga ce kawai tsakaninsu. Na matso da shi, na nesanta, na kashe na kunna, yana nan. Ranar da aka zana shi tana jiki, shekarun baya ne, kafin a gina shagon tela. Na tafi wurin telan na tambaye shi me ke ƙarƙashin daɓensa. Ya ce shi haya yake yi, amma in an yi ruwa sosai ɗakin yana wari, har turare yake kunnawa saboda masu kawo ɗinki. Na ɗauki ƙarfe na bubbuga ƙasa. Wajen keken ɗinki ƙarar cikakkiya ce. Wajen kujerar baƙi kuwa kamar ganga. Bayin gidan da ke baya har yanzu cikinsa yake zuba.

Yanzu ki saurare ni. Ke kika ce in tsallake. Ga wasiƙarki a gabana: “Ka mai da shi kan tsallake, za ka ga kod ya gudu har ƙarshe.” Na yi, ya gudu. Ina aka rubuta kada ka haƙa? Ina aka rubuta akwai haɗari? Ku masu karatu kuna faɗin rabin magana ku hau mota, ku bar mutum da sauran rabin. Da kin ce mini rai ne a ciki, da na jira ko da damina za ta cinye aikin.

Kuma ba a gama shari'a ba. Na sa bututu mai kauri, na zuba siminti a wuyan rijiyar kamar yadda nake yi kullum. Ba dole ba ne abin da ke cikin ramin ya kai ga ruwana. Na ɗebi ruwan a kwalba na kai ɗakin gwaji, sun ce sai an jira. Kafin nan na sa kwado a famfon, na ce musu gyara za a yi. Ban ce musu komai ban da haka ba. In na faɗi gaskiyar magana yau, gobe sakamako ya fito ruwan lafiya yake, wa zai dawo mini da sunana? Mutum ya yi shekara ashirin yana gina abu, sai ya rushe shi da bakinsa a kan zato?

'Yar telan, ƙarama, tana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. A gidan hayan suke kwana. Shi ya gaya mini yana ɗinki, bai san dalilin tambayoyina ba, har ruwa ya miƙo mini in sha.

Ga fayil ɗin. Duka na turo, na dukan garin. Ki yi abin da za ki yi da shi.

Kawunki.

*

Kawu,

Allah ya ba 'yar telan lafiya, ya sassauta maka nauyin ƙeya. Na sake karanta wasiƙata ta farko. Na ce gwaji ne, na ce ka turo fayil, amma gaskiyarka, ban rubuta “kada ka haƙa” ba. Na ɗauka a bayyane yake, don a aji kowa ya san haka. Na manta cewa kai ba maki kake nema ba, inji gare ka a bakin lungu. Wannan rabon nawa ne, kuma tun jiya ban iya cin abinci ba.

Na gyara zanen duka. Harɗaɗɗun sun fi saba'in, kusan dukansu a tsohuwar unguwa. Na duba sauran rijiyoyinka ɗaya bayan ɗaya, ba wadda abin ya shafa, aikinka na baya tsaf yake. Wannan ce kaɗai. Na mai da saitin kan “tsaya”, na sake gudanar da kod ɗinka ba tare da na taɓa ko harafi ba. Kawu, babu kore a gidan nan ko na ajiye ƙafa. Ban da na shagon tela akwai wasu ramuka biyu, ɗaya ta kudu, ɗaya a bayan matakala.

Kai ka ce ƙasar yashi ce, kai ka ce ruwan ba nisa. Ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Ko wannan kwalbar ta fito lafiya, ruwan sama na gaba fa? Kuma in ba su san dalilin kwadon ba, mai ƙishirwa ba zai girmama shi ba. Ka gaya musu. Ka fara da nas ɗin.

Ban gaya wa Umma komai ba. Fayil ɗinka yana wurina ni kaɗai.

'Yarka, Auta.

*

Autar Yaya,

Assalamu alaikum. Ki ci abinci. Yaya ba ta tura ki can don ki rame saboda ni ba. Ita lafiyarta ƙalau, ni ma na je an auna ni, likita ya yi surutunsa ya ƙara mini ƙwaya ɗaya.

Maganarki ta kwado ta riga wasiƙarki isowa. Da na koma gidan da safe, na tarar an ɓalle shi, mata sun yi layi da bokitai, wata tana cika wa jariri kwalba. Ban san lokacin da na fizge kwalbar daga hannunta ba. Ta yi ihu, maza suka fito. Wani mai walda ya ce, “Kai Mai Kore, gyaran me kake yi da ba ka zo da ko sifana ba?”

Na tsaya a kan daɓen famfon na gaya musu. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce akwai ramin masai a bayan katangar nan, ƙarƙashin shagon tela, da wasu biyu, kuma taswirata ta tsallake su, ni kuma na haƙa. Ban ambaci sunanki ba, ba ke kika kafa inji ba. Tsakar gidan ta fashe da hayaniya. An zage ni da abin da ba zan rubuta wa 'yata ba. Wani ya ce in mayar musu da ƙasarsu yadda na same ta. Wata ta ce, “To mu sha me? Kalarka?” Telan yana cikinsu. Ya tsaya da tef a wuya yana kallona, ya juya ya rufe shagonsa ya tafi asibiti. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Nas ɗin ce ta daka musu tsawa. Ta ce duk wanda ke da ruwan nan a ɗaki ya zubar, ko ya tafasa shi har ya yi ta tsalle a tukunya. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Wani kwadon za ka sa?” Na ce a'a.

Na kira ma'aikatana suka zo, suka bar motar a bakin lungu suka shigo da kayan aiki. Muka zaro famfon daga rami, bututu bayan bututu, muka shimfiɗa su a tsakar gida. Direbana, wanda ya fi kowa daɗewa da ni, ya matso kusa ya rage murya ya ce, “Maigida, a toshe da murfi mana, a jira gwajin. In ya fito lafiya fa? Rijiya mai rai za mu binne?” Na ce masa ya kwaɓa siminti. Muka cika ta tun daga ƙasa har baki. Ruwan yana tasowa yana malala a kan takalmana, garau kamar ranar farko, har simintin ya fi ƙarfinsa.

Na kafa musu tanki a bakin ƙofa, motar ruwa tana cika shi, kuma za ta ci gaba har in samo wuri mai tsabta a wani layin in jawo musu bututu. Wannan karon za ki duba taswirar kafin in motsa inji, kuma ina so ki koya mini yadda kod zai riƙa faɗin yawan ramukan da ya karɓa da yawan da ya zagaye, in ba su zo daidai ba ya ƙi shafa kala. Abin da na rubuta miki cikin fushi, ki bar shi a inda yake. Ba na iya maimaita irin wannan magana sau biyu, kin dai gane.

Aiki biyu da nake da su a wannan watan an kira an ce a dakata. Labari ya riga ya zagaye. An sallamo 'yar telan, na gan ta daga nesa a kafaɗar uwarta, ta rame amma tana kallon mutane. Ban ƙarasa ba, ban ga fuskar zuwa ba tukuna.

Kafin simintin ya sha iska, nas ɗin ta ce in ba a yi alama ba, nan da 'yan shekaru wani mai haƙa zai zo ya ga wurin ya ce ga rami a shirye. Ta miƙo mini ƙusa. Na durƙusa na rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A HAƘA A NAN, AKWAI MASAI KUSA. Ta ce ya isa. Na ce bai isa ba, wa zai yarda da rubutun da ba mai shi? Na sa sunana a ƙasa, da lambar wayata.

Sakamakon gwajin bai fito ba har yanzu. Ko me zai ce, simintin ya bushe.

Kawunki.